Waƙoƙin farin wata da fitilun da suka cinye mana dare

Duk wanda ya taɓa buɗe YouTube ko Spotify cikin dare yana neman abin da zai kwantar masa da hankali, da wuya a ce bai ci karo da kiɗan piyanon nan guda biyu ba, na Bajamushe Beethoven da ake ce wa Moonlight Sonata da kuma na Bafaranshe Debussy mai suna Clair de lune, duka sunayen biyu na nufin farin wata. An jera su tare da ƙarar ruwan sama da kukan tsuntsaye, an liƙa hoton wata a sama, an rubuta awa kaza na barci mai daɗi, miliyoyin mutane suna kunnawa su ja bargo. Ni dai gaskiya abin yana taɓa min zuciya, ba don barci laifi ba ne, a'a, sai don da yawan masu kunna kiɗan nan a manyan birane ba su taɓa tsayawa cikin farin wata na gaske ba ko sau ɗaya a rayuwarsu, kuma ba laifinsu ba ne, an ƙwace musu ne tun kafin a haife su. Ra'ayina shi ne duhun dare da farin watan da ke zuwa a cikinsa dukiyar jama'a ce kamar iska mai tsabta, kuma ya kamata masu tafiyar da birane su daina barin kowa yana watsa haske sama yadda ya ga dama. Babbar hujjata kuwa waƙoƙi ne, waɗanda 'yan Adam suka yi ta rerawa shekaru aru-aru.

Wani zai ce ai wata na nan, ko a tsakiyar Tokyo ko Dubai in ka ɗaga kai za ka gan shi. Haka ne, ƙwallonsa na nan a sama. Abin da ya ɓace shi ne haskensa a ƙasa, wato ka ga inuwarka tana bin ka da tsakar dare, ka ga hanya ta yi fari fat, ka gane fuskar wanda ke tahowa ba tare da an kunna komai ba. Hasken nan fa ba shi da ƙarfi ko kaɗan, rana ta ninka cikakken wata haske kusan sau 400,000, fitilar titi ɗaya tak ta ninka shi sau gommai a ƙarƙashinta, shi ya sa da an jera fitilu a unguwa shi kenan ya nutse, wata ya koma wani farin abu da ke rataye can sama wanda ba ya yi wa kowa aikin komai.

A da kuwa aiki yake yi, kuma waƙoƙin sun shaida. Muryar ɗan Adam mafi tsufa da aka naɗa wadda har ake iya gane abin da take rerawa, waƙar farin wata ce. Ranar 9 ga Afrilun 1860 wani Bafaranshe a birnin Faris, Édouard-Léon Scott de Martinville, ya rera Au clair de la lune a bakin wata na'ura da ya ƙera, na'urar tana karce sawun sauti a jikin takarda da aka turara da hayaƙin fitila har ta yi baƙi. Shi bai ma yi ta don a saurara ba, so yake a ga siffar murya da ido. Sai a 2008 masu bincike a Amurka suka yi amfani da kwamfuta suka mai da zanen nan sauti, da farko ma sun kunna shi da sauri fiye da kima har aka ɗauka yarinya ce ke waƙar, daga baya da aka gyara sai ga muryar namiji tana jan baitin a hankali. To me waƙar ke cewa? Mutum ne tsaye a ƙofar maƙwabcinsa cikin farin wata yana roƙon aron alƙalami zai rubuta 'yar wasiƙa, kyandirinsa ya mutu, ba shi da wuta. Ka ga a duniyar da aka yi waƙar nan wata shi ne fitilar wanda tasa ta mutu. Ko a Ingila a ƙarni na 18 akwai ƙungiyar masana da masu masana'antu a Birmingham, irin su James Watt da Erasmus Darwin, da suke sa ranar taronsu daidai lokacin da wata ya cika, don kawai su ga hanyar komawa gida, har aka riƙa kiransu ƙungiyar wata.

Amma abin da ya fi kama ni a waƙoƙin nan shi ne, daga wannan nahiya zuwa waccan, mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba sun ɗora wa wata aiki iri ɗaya, aikin ɗan aike. Dalilin a fili yake, wata ne kaɗai abin da mutum biyu da ke nesa da juna za su iya zuba wa ido a dare ɗaya, rana ba ta kalluwa, taurari kuma sun yi yawa sun yi ƙanƙanta. A ƙasar Sin mawaƙi Li Bai, wanda ya rayu daga 701 zuwa 762, yana da 'yar waƙa mai layi huɗu da kusan kowane yaro a can ya haddace, matafiyi ne ya ga haske a gaban gadonsa ya zaci raɓa ce ta daskare a ƙasa, ya ɗaga kai ya ga wata, ya sunkuyar da kai ya tuna gida. Iyakarta ke nan, amma ta yi shekara sama da 1,200 ba ta tsufa ba. Sai Su Shi, wanda a 1076 yana aikin gwamnati a wani lardi, ya daɗe rabonsa da ƙaninsa Su Zhe, a daren bikin tsakiyar kaka ya zauna ya rubuta baitocin da a ciki yake tuhumar wata, don me sai lokacin da mutane suka rabu yake cika? Daga ƙarshe ya haƙura ya ce mutum da haɗuwa da rabuwa, wata da cika da raguwa, haka abin yake tun fil azal, fatansa dai su yi tsawon rai, ko da tazarar dubban mil a tsakaninsu su riƙa kallon wata ɗaya. An rubuta baitocin ne a kan wani karin waƙa da aka sani a zamanin, kuma a 1983 mawaƙiya Teresa Teng 'yar Taiwan ta sake rera su da sabon kiɗa, mutanen Sin da ke warwatse a duniya suka rungume ta. Wallahi duk wanda ya taɓa yin nesa da ɗan uwansa na jini ya san abin da mutumin nan yake faɗa, ba sai an yi masa tafinta ba.

Haka abin yake ko'ina ka leƙa. A wasan waƙa na Dvořák mai suna Rusalka, da aka fara nunawa a Prague a 1901, budurwar ruwa ce ke roƙon wata ya ɗan dakata ya faɗa mata inda masoyinta yake, ya kai masa saƙonta. Mawaƙiya Fairuz ta Labanan ta ce su da wata maƙwabta ne. Mohammed Rafi a Indiya a 1960 ya kwatanta fuskar masoyiya da wata ɗan daren sha huɗu. A Japan wani saurayi, Rentaro Taki, ya tsara kiɗa mai suna wata a kan kangon fada a 1901, ya rasu da tarin fuka a 1903 yana ɗan shekara 23, kiɗan kuma har yau ana koya wa yara. In aka koma can baya sosai, a Ur ta ƙasar Iraƙi ta yanzu, mutanen da ke bauta wa wata suna da wata shugabar ɗakin bautarsu, Enheduanna 'yar sarki Sargon, kimanin shekara 4,300 da suka wuce, ita ce ake lissafawa a marubuciya ta farko da tarihi ya riƙe sunanta, kuma waƙoƙi ne aka jingina mata.

Ga Musulmi kuwa ba sai an je da nisa ba. Ɗala'al Badru Alaina, wadda aka ruwaito mutanen Madina sun tarbi Annabi (SAW) da ita, malamai sun yi saɓani ko a lokacin hijira ne a 622 ko a dawowa daga Tabuka, amma ba a nan hankalina yake ba. Mutanen da farin ciki ya cika musu zuciya, suna neman abu mafi kyau da suka sani a duniya su kwatanta shi da shi, sai suka ɗauko cikakken wata yana ɓullowa ta tsakanin duwatsu. Su da suke tafiyar dare a hamada sun san mene ne a daɗe cikin duhu sannan badaru ya fito. Yaron da ya tashi a unguwar da dare bai taɓa yin duhu ba zai haddace baitin, zai rera shi da murya mai daɗi, amma nauyin kwatancin ba zai sauka a ƙirjinsa yadda ya sauka a nasu ba, wannan asara ce ta gaske, kuma ni tana ba ni tsoro.

Yanzu bari in kawo abin da za a iya jifana da shi, don yana da ƙarfi. Shahararren kiɗan wata a duk duniya, wato Moonlight Sonata, ba don wata aka yi shi ba. Beethoven ya tsara shi a 1801, ya sadaukar da shi ga ɗalibarsa Giulietta Guicciardi, sunan da ya sa masa kuma babu wata a ciki ko kaɗan. Wani marubuci Bajamushe ne, Ludwig Rellstab, ya ce kashin farko na kiɗan yana tuna masa jirgin ruwa cikin farin wata a tafkin Lucerne na Suwizalan, sunan ya bi kiɗan ya manne bayan rasuwar Beethoven a 1827. A shekarar 1801 ɗin nan ce kuma Beethoven ya rubuta wa abokinsa wasiƙa yana tona masa asirin da ya daɗe yana ɓoyewa, cewa kunnuwansa suna mutuwa. Makaɗi ɗan shekara 30 yana kurumcewa. Wanda ya daure ya saurari kiɗan har kashi na uku zai ji yadda yatsu ke rugawa sama da gudu su buga da ƙarfi, su dawo su sake rugawa, babu tafki babu jirgi, fushi ne tsagwaronsa da ɗimuwa, shi ya sa masu haɗa jerin kiɗan barci suke yanke shi su bar na farkon kawai.

Akwai ma wanda ya fi wannan. A birnin Wuxi na ƙasar Sin an yi wani makaho da ake kira Abing, yana yawo kwararo-kwararo yana goga erhu, wani irin goge ne mai tsirkiya biyu, yana samun na abinci. A 1950 wani masanin kiɗa, Yang Yinliu, ya je da na'ura ya naɗi kiɗansa guda shida, kafin shekarar ta ƙare Abing ya rasu. Ɗaya daga cikin shidan nan shi ne yau duniya ta sani da sunan hoton wata a cikin maɓuɓɓuga ta biyu, wata tsohuwar maɓuɓɓuga ce a garin, kuma labarin da aka fi ruwaitowa shi ne kiɗan ba shi da suna, a wurin naɗar ne aka zauna aka raɗa masa. Mutum ne da ya yi shekaru bai ga wata ba balle hotonsa a ruwa.

To sai a ce ka gani, ashe kiɗan ba ya buƙatar wata. Ni kuma a nan ne ma na fi samun hujja. Wanda ya yi kiɗan baƙin cikinsa ya zuba, masu sauraro ne suka ji abu ya taɓa su, suka lalubi abin da za su kira shi da shi, hannunsu ya faɗa kan farin wata, a Jamus haka, a Sin haka. Me ya sa? Saboda kowa a cikinsu ya san yanayin nan a jikinsa, ya taɓa zama shi kaɗai a waje dare ya tsala, gari ya yi tsit, ga haske amma ba ya ɗumama ka, kana ganin komai amma komai ya canza kama. Rellstab yana faɗa kowa ya gane. Ashe mai sauraro ma yana zuwa da nasa guzurin, kuma guzurin nan ne ke ƙarewa a hannunmu.

Kuma yanayin ba tatsuniya ba ne, jiki ne ke yin sa. In haske ya yi ƙasa sosai sashen ido mai rarrabe launi yana ja da baya, wani sashen ya karɓi aiki, shi ya sa cikin farin wata ja da kore suke dusashewa, duniya ta koma ruwan toka da azurfa. Ido kuma yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, ka duba waya sau ɗaya ka ɓata lissafin. Sauti ma da dare ya fi tafiya nesa, don iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai ta riƙa lanƙwaso sautin ƙasa. Ka saurari Clair de lune da wannan a ranka, yadda yake farawa can sama a hankali kamar mai tsoron tada wani, yadda yake barin fili tsakanin sauti da sauti, ba ya cika kunne, ba ya gaggawa. Debussy ya fara shi wajajen 1890, bai fito ba sai 1905, sunan kuma daga baitocin Paul Verlaine na 1869 ya aro, inda masu rawa sanye da abin rufe fuska suke waƙar soyayya alhali su kansu ba su yarda da farin cikinsu ba. Kiɗa ne na kunnen da ya saba da shiru da idon da ya saba da ƙarancin haske.

Ba yau aka fara yaƙi da farin wata ba, kuma wasu da gangan suka yi. A 1909 marubuci Marinetti na Italiya, mai kiran a rungumi injina da gudu da lantarki, ya fitar da takarda sukutum yana kira a kashe farin wata, a ganinsa kayan tsofaffi ne masu kukan soyayya. Shekara biyar bayan haka, a 1914, a Birazil aka fitar da Luar do Sertão, waƙar ɗan ƙauye da ya zo birni yana cewa watan birni ya yi duhu, bai kama ƙafar na daji ba. Tun lokacin mawaƙi ya hango abin, alhali fitilun zamaninsa ba a bakin komai suke ba in aka gwada da na yau. Daga nan Amurka ta cika rediyo da wata, Blue Moon a 1934, Moonlight Serenade ta Glenn Miller a 1939, Moon River a 1961, har 'yan sama jannatin Apollo 10 suka tafi da kaset ɗin Frank Sinatra yana rera Fly Me to the Moon suka kunna a tafiyarsu ta zagaya watan a 1969. Waƙoƙi ne masu daɗi, ban raina su ba, amma a kunnena watan cikinsu ya riga ya fara zama ado, ba fitilar kowa ba ce kuma.

Alƙaluma sun tabbatar da abin da ɗan Birazil ya ji a jikinsa. Taswirar hasken dare ta duniya da masana suka fitar a 2016 ta nuna sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne ƙarƙashin samaniyar da hasken lantarki ya gurɓata, a Turai da Amurka kuwa kashi 99 ne. Wani binciken da ya fito a 2023 ya gano cewa daga 2011 zuwa 2022 samaniyar dare tana ƙara haske da kusan kashi 10 cikin 100 duk shekara. Duk shekara fa.

Na san maganar da za ta fi zafi, kuma ina girmama ta. A Afirka kudu da Sahara kaɗai mutum kusan miliyan 600 ba su da wutar lantarki, ana haihuwa a duhu, yara na karatu da tocilan, ta yaya za a zo musu da zancen kare farin wata? Gil Scott-Heron, mawaƙi baƙar fata ɗan Amurka, ya yi irin wannan tambayar a 1970, lokacin da ake ta murnar zuwa wata, ya ce ɓera ya ciji 'yar uwarsa, ba shi da kuɗin likita, ga Bature can a kan wata. Gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya ce a bar talaka a duhu don mawaƙa su ji daɗi ba na tare da shi ko na minti ɗaya, a kai wuta asibiti, a kai makaranta, a kai kowane gida. Amma hasken da ke cinye dare ai ba shi ne na ɗakin haihuwa ba. Allon talla ne da ke ci har asuba babu mai karantawa, bene ne mai hawa talatin da ma'aikata suka tashi tun magariba aka bar shi tar, filin ajiye motoci ne babu mota ko ɗaya, fitilar titi ce marar murfi da ke harba haske sama inda ba mai tafiya. Wutar da ake ƙonawa a banza ce, kuma kuɗin jama'a ne ke tafiya. Garuruwan da yanzu ne suke shimfiɗa fitilunsu su ne ma suka fi kowa dama, don ba sai sun tumɓuke komai ba, tun farko sai su sayi mai murfi mai kallon ƙasa.

Batun tsaro ma ba na wasa da shi, musamman ga mata da ke dawowa gida da dare. A New York an gwada ƙara fitilu a wasu rukunin gidajen gwamnati, laifukan dare a waje suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka inda mutane ke tafiya kuma ake jin tsoro a haska, ba gardama. Sai dai a Ingila da Wales an bi bayanan ƙananan hukumomi 62 da suka rage ko suka kashe wasu fitilun titi da tsakar dare, sakamakon da ya fito a 2015 bai nuna haɗarin mota ko laifi ya ƙaru ba. Abin da na fahimta daga biyun shi ne a sa haske inda ƙafa ke takawa, a lokacin da take takawa, daidai gwargwadon buƙata.

Kuma an riga an yi, ba mafarki ba ne. Garin Flagstaff a jihar Arizona ya kafa dokar taƙaita hasken waje tun 1958 saboda masu nazarin taurari da ke wurin, garin kuma bai daina girma ba. Faransa tun 2013 ta ce a kashe fitilun tagogin shaguna daga ƙarfe 1 na dare, na cikin ofisoshi kuma awa ɗaya bayan mutum na ƙarshe ya fita. Ni da za a tambaye ni zan ƙara abu ɗaya a kai, kowane birni ya ware wani lambu ko bakin ruwa, da masu gadi, da hanyar shiga mai haske ƙasa-ƙasa, a rage fitilun cikinsa a dararen sha uku da sha huɗu da sha biyar na kowane wata, a bar iyalai su shigo da yaransu, masu kiɗa su zo da kayansu ba tare da lasifika ba, makarantu su kawo ɗalibai. Dare uku ne kacal a wata, kuma kashe fitila ba ya cin ko sisi.